Mai Gandu Ya Kwanta Dama, Da Me Za Mu Tuna Da Shi?

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu juya akalar filin namu zuwa yammacin Jihar Kano, watau ƙasar Karaye da Rogo, domin mu yi ta'aziyyar wani bawan Allah wanda jarida ba ta buga rasuwarsa, rediyo kuma ba ya faɗinta. Shi ne mai gandu, dattijon manomi wanda ya ƙare kwanakinsa tsakanin masallaci da gona da gida. Ba mu ambaci suna ba domin kuwa a kowane gari akwai shi. Akwai shi a Zarewa da Fulatan da Beli, akwai shi a Turawa da Yammedi da Kafin Dafga. Irin waɗannan dattawa suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowace kaka sai an ɗaure dami a wata gona wadda mai ita ya ga shuka amma bai ga girbi ba. Ya kamata mu tsaya mu dubi yadda ya rayu, sa'an nan mu tambayi kanmu abin da ya rage a wuyanmu bayan mun dawo daga maƙabarta.

YADDA YA RAYU

Wannan dattijo an haife shi tun zamanin mulkin Turawa. Ya yi wayo ya tarar gyaɗa da auduga su ne kuɗin talaka. Gyaɗarsa tana cikin buhunan da aka yi dala da su a birnin Kano, audugarsa kuwa ta sha awo a kan sikeli kafin a kai ta injin gurza. Da kuɗinsu ya yi aure, da su ya biya haraji shekara da shekaru, har zuwa 1979 sa'ad da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Ya ga farin 1973, lokacin da hatsi ya yi wuya, dabbobi suka yi ta faɗuwa a ƙasashen arewa. Ya ga annobar da ta auka wa gyaɗa a 1975, wadda ta karya nomanta a ƙasar Kano, har dalar ta zama labari. Fari ya sake dawowa a 1984, ya sake ɗaure ciki. Da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992, ruwa ya shanye gonakin waɗansu, waɗansu kuma suka sami hanyar noman rani. A cikin duk wannan juyi na zamani bai ajiye fartanya ba, bai kuma bar iyalinsa ya shiga duniya ba.

Ku dubi shekararsa. Da bazara yana sharar gona, jakai suna kai taki. Ruwa na sauka ya ɗauki sungumi, 'ya'ya na biye suna zuba iri. Sai noman farko, sai maimai, sai huɗa. Da kaka ya girbe gero da dawa da masara, ya roro wake, ya cika rumbu, ya keɓe iri na baɗi inda ko yunwa ba ta sa a taɓa shi. Da rani, in yana da fadama ya shiga lambu ko rake, in ba shi da ita ya kama wata sana'ar hannu. Ku kuma dubi yininsa. Asuba ta same shi a sahu, hantsi ya same shi a duƙe, la'asar ta same shi yana tambaya ko yara sun tafi makarantar allo. Shi ne ke buɗe rumbu ya auna wa kowace mai girki abin da za ta dafa, ba ya fifita ɗaki a kan ɗaki. Shi ne ke sayar da rago ya yi wa 'ya gara, ya yanka wa ɗa gayauna in ya yi aure. Almajiri bai tsaya a ƙofarsa ya koma da ƙoƙo wayam ba. Baƙon da dare ya yi wa a hanyar Zariya ko ta Funtuwa ya san zauren da zai sauka.

MATSAYINSA A ADDINI

Waɗansu daga cikin 'ya'yanmu da suka yi boko suna duban wannan rayuwa kamar ta wanda ya rasa abin yi. Addini kuwa ba haka ya ke dubanta ba. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Anas ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, to abin da tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci daga ciki sadaka ce a gare shi. Ashe ke nan har jan baki da ya sauka a kan gero, da akuyar da ta tsinke ta shiga gona, lada su ke rubuta masa. Muslimu kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa a cikin dukiyar da mutum ke ciyarwa ta hanyoyin alheri, wadda ya ciyar ga iyalinsa ita ce mafi girman lada. Mutanen Madina da suka karɓi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yawancinsu manoman dabino ne. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya rinjayar da cewa noma shi ne mafi tsarkin hanyoyin neman abinci, saboda aikin hannu ne, akwai tawakkali a cikinsa, amfaninsa kuma yana game mutane da dabbobi. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje nasiha a kan mulki, a ciki ya hore shi da kula da masu sana'a, har da manoma, domin da su ƙasa ke zaunuwa.

Saboda haka in aka ɗauko gawar irin wannan mutum, jama'a suka yi ta cewa mutumin kirki ne, to maganar tana da nauyi. An taɓa wucewa da wata gawa a gaban Manzon Allah, sahabbai suka yabe ta, ya yi mata bushara da Aljanna, ya kuma sanar da su cewa su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Amma fa yabo a baki abu ne mai araha. Inda a ke gane wanda ya ƙaunaci mamaci shi ne bayan an watse daga zaman makoki, sa'ad da aka zo kan rumbu, da bashi, da gona.

RUMBU YA TASHI DAGA HANNUNSA

Daga lokacin da rai ya fita, hatsin da ke cikin rumbu ya zama na magada, a cikinsu kuwa sau da yawa akwai marayu ƙanana da matan da suka shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma. Duk da haka sai ka ga an fasa rumbun nan ana ta ɗora tukwane domin masu gaisuwa, ranar uku, ranar bakwai, ranar arba'in, har abincin da zai kai gida ga damina ya ƙare tun da rani. Malamai sun yi saɓani a kan su waɗannan ranaku, ba kuwa shi ne zancenmu na yau ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne dukiyar maraya ba a yin sadaka da ita. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta kamanta cinta bisa zalunci da cusa wuta a ciki. Wanda ya so ya yi wa mahaifinsa sadaka, to ya yi daga aljihunsa ko daga rabonsa. Sunna ma juya al'amarin ta yi. Da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya iso daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah umurni ya yi a dafa wa iyalinsa abinci a kai musu. Watau maƙwabta ne ke ciyar da gidan mutuwa.

BASHI KAFIN GADO

Littattafan da a ke karantawa a zaurukanmu, irin su Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da Muhtasar na Halilu, sun tsara yadda a ke bi da abin da mamaci ya bari. A yi masa sutura gwargwadon hali, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa muddin ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan a raba saura. Manomi kuwa da wuya ya mutu ba bashi. Akwai kuɗin takin zamani da ya karɓa sai kaka, akwai ladan 'yan ƙwadago, akwai buhun da ya ranta a watan yunwa, akwai gonar da ya karɓi jingina ko ya bayar, akwai sauran sadakin matarsa, da akuyarta da ya sayar ya ce zai mayar. Akwai kuma haƙƙin Allah. In amfanin gona ya riga ya nuna kafin rasuwarsa, to zakka ta wajaba a kansa, sai an fitar kafin a raba. Nisabinta wusuƙi 5 ne, kowane wusuƙi sa'i 60, watau sa'i 300 ke nan, kowane sa'i kuwa mudun Annabi 4. Abin da ruwan sama ya shayar a fitar da kashi 1 cikin 10, abin da aka shayar da wahala, kamar injin ban ruwa na masu noman rani, kashi 1 cikin 20. A mazhabarmu ta Malikiyya gero da dawa da shinkafa kowanne da lissafinsa, ba a haɗa su domin cika nisabi.

Ku ji yadda ɗan kirki ke yi. Abdullahi ɗan Amru ɗan Haramu mutumin Madina ne mai gonar dabino da 'ya'ya mata da yawa. A daren yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ya kira ɗansa Jabiru ya gaya masa yana jin ba zai dawo ba, ya bar masa amana biyu, ya biya bashin da ke kansa, ya kuma kyautata wa 'yan'uwansa mata. Kashegari ya yi shahada. Da lokacin girbin dabino ya yi, masu bashi suka matsa, suka ƙi rangwame, abin da ke gonar kuwa ga alama ba zai isa ba. Jabiru ya kai kuka wurin Manzon Allah. Ya umurce shi ya tara kowane irin dabino tsibi dabam, ya zo ya yi addu'ar albarka, aka yi ta awo har kowa ya karɓi haƙƙinsa, dabino kuma ya yi saura. Da Jabiru ya tashi aure, yana saurayi, sai ya auri bazawara domin ta iya riƙon ƙannensa. Buhari ne ya kawo wannan labari. To, wannan shi ne tunawa da uba.

RABON MATA A GONA

Yanzu mun zo inda ƙafar mutane da yawa ke zamewa. A ƙauyukanmu an saba a raba wa mata tufafi da kwanoni da ɗan abin da aka samu na kuɗi, a ce gona ta maza ce. Wannan al'ada ba sabuwa ba ce, Larabawan jahiliyya ma haka su ke yi, a kanta kuwa hukunci ya sauka. Sa'adu ɗan Rabi'u shi ma a Uhudu ya yi shahada, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Ɗan'uwansa ya zo ya kwashe dukiyar duka. Matar ta kai ƙara wurin Manzon Allah, ayoyin gado suka sauka, ya aika wa baffan yaran ya ba su kashi 2 cikin 3, ya ba uwarsu tumuni, ya riƙe abin da ya rage. Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito shi. Ayoyin nan, na 11 da 12 a Suratun Nisa'i, ba su ware gona daga sauran dukiya ba.

Ga misali domin mai karatu ya gane. Mu ƙaddara mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata 2, 'ya'ya maza 3, mata 4, bayan an biya bashi kuma aka sami dami 80 na dawa. Matan aure za su ɗauki tumuni, dami 10, kowace 5. Saura 70 a kasa shi 10, domin namiji na da rabon mata biyu. Kowane ɗa ya sami 14, kowace 'ya ta sami 7. Yadda aka yi wa damin nan haka za a yi wa gonar da ta fitar da shi, da fadama, da gida, da shanun huɗa.

Masu hanawa suna da dalilinsu, ya kuwa kamata a saurare shi. Su kan ce in aka ba mace, gona ta tafi gidan miji, in kuma aka yi ta yankawa, kowa zai tashi da ɗan fegin da ba zai ciyar da shi ba. Lalle gonaki suna ƙanƙancewa, jama'a na ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Amma shari'a ta buɗe ƙofofi da dama. Da farko a auna, a san rabon kowa, a rubuta a gaban shaidu da mai unguwa ko dagaci, in da hali a gaban alkali. Bayan haka, in magada sun yarda da kansu, ba da tilas ko kunya ba, suna iya barin gonar a haɗe, mai nomawa ya riƙa biyan 'yar'uwarsa hayar rabonta kowace shekara. Hayar ta zama ta kuɗi, gama mazhabarmu ba ta yarda a yi hayar gona da hatsi ba. In ta fi son sayarwa, 'yan'uwanta su saya a kan farashin da kowa zai saya. In ma ta sayar wa bare alhali ba a riga an yanka iyaka ba, abokan tarayya suna da haƙƙin shufa'a, watau su biya kuɗin su karɓe. Duk waɗannan hanyoyi halal ne. Abin da ya haramta shi ne a yi shiru, wa ya ci gaba da noma, ƙanwa tana jin nauyin tambaya, har shekara 20 ko 30 ta wuce, magada su mutu su bar magada, jikoki su gurfana a kotu suna rantsuwa a kan abin da ba su gani ba. Sa'idu ɗan Zaidu ya ruwaito cewa wanda ya ci taƙi guda na ƙasa bisa zalunci, za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙasa bakwai ranar alƙiyama. Mutumin da ya yi shekara 50 bai ture iyakar maƙwabcinsa ba, bai dace 'ya'yansa su ture ta 'yar'uwarsu ba.

NASIHA GA MASU GANDU DA KE RAYE

Ya ku iyayenmu, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, rigakafi ya fi magani. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ku sa a rubuta abin da a ke binku da abin da ku ke bi, da gonar da ke jingina, da wadda aka ba ku aro. In kun yi wa ɗa kyautar gayauna, ku bayyana ko kyauta ce ko aro, ku sa shaidu, ku kuma sakar masa ita, domin kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya kwanta ciwon ajali ta koma cikin gado. Ku yi adalci a kyauta tsakanin 'ya'ya. Ku tuna da jikokin da ubansu ya riga ku rasuwa, gama ba su da gado muddin baffanninsu na raye, amma kuna da ikon yi musu wasiyya daga cikin sulusi. Magaji kuwa ba a yi masa wasiyya. Sa'ad da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ya so ya yi sadaka da yawancin dukiyarsa yana ciwo, Manzon Allah tsayar da shi ya yi a kan sulusi, ya nuna masa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane.

ABIN DA BA YA YANKEWA

Muslimu ya ruwaito cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai ta hanyoyi uku, sadaka mai gudana, da ilmin da a ke amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Manomi na iya samun duka ukun. Mangwaro da ɗorawar da ya raina a gona sadaka ce muddin ana shan inuwarsu, saboda haka kada a yi gaggawar sayar da su ga masu gawayi. Rijiyar da ya haƙa a ƙofar gida, a yashe ta. Sanin ƙasa da iri da lokacin shuka da ya koya wa 'ya'yansa ilmi ne, su koya wa nasu. Dami da ya saba aika wa malamin tsangaya da gwauruwar da ke maƙwabtaka da shi, kada su ji an daina. Matansa su zauna a ɗakunansu har su fita takaba, ba mai tashinsu. Abokansa da 'yan'uwansa a riƙa leƙa su, gama zumunta a ƙafa ta ke. Wanda ke birni kuwa, kada zuwansa gida ya tsaya a ranar da ya zo karɓar rabonsa.

Allah Ya ji ƙan iyayenmu manoma na Karaye da Rogo da na sauran ƙasashen Musulmi. Allah Ya sa gumin da suka zubar a kunya ya zama haske a kabarinsu, Ya yafe musu kurakuransu, Ya sauke musu nauyin bashi. Allah Ya albarkaci bayansu, Ya haɗa kan 'ya'yansu, Ya tsare mu da cin haƙƙin maraya da na mace. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu cika da imani. Amin.